Dan Allah a bani shawara, an kira ni intabiyu a wani kamfani a Challawa

ɗan_kurna

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah ina neman shawarar waɗanda suka san harkar ɗaukar ma'aikata, ko waɗanda suka taɓa shiga intabiyu Allah ya basu sa'a. Wani kamfanin roba ne a Challawa nan Kano suka turo min saƙo wai inje ranar Laraba mai zuwa ƙarfe tara na safe, gurbin ƙaramin akanta, dama munyi jarabawa a kwamfuta tun watan da ya wuce har na fidda rai sai ga saƙon, yanzu saura ta baki da baki.

Ni fannin akanta na karanta a BUK, nayi bautar ƙasa a jihar Nasarawa na koyar da lissafi a wata sakandare, tunda na dawo nake ta jefa takardu. Damuwata guda biyu ce. Ta farko in na zauna gaban manya bakina mutuwa yake, ba wai ban san abin ba, a takarda zan rubuta maka shi tsaf amma da an zuba min ido sai inji kaina ya ɗaure murya ta shige ciki. Kuma kun san yadda aka taso damu, ba'a kallon babba cikin ido, ba'a ɗaga murya a gabansa, kullum ana ce mana yabon kai jahilci, to duk bidiyon da na kalla a YouTube cewa suke ka tsare mutum da ido ka dinga faɗin irin iyawarka, ni kuma wallahi nauyin abin nake ji, gani nake kamar rashin kunya ne. Ga turanci, in a rubuce ne ba matsala amma a baki in na rikice sai kalmomin su gudu su barni.

Ta biyu sun rubuta sunfi son wanda ya taɓa aiki, ni kuwa banda koyarwar nan abinda na sani shagon kawuna ne a kasuwar Singa, tun ina sakandare nake riƙe masa littafin bashi da lissafin kayan sito, ban ma sa shi a CV ba dan naga ba aikin ofis bane. Mahaifinmu ya rasu, ni ne babba, Umma da ƙannena duk ni suke kallo, aikin nan ina sonshi ƙwarai. Duk wanda yake da abin faɗa dan Allah ya taimaka.

Maman_Hanan

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya jiƙan mahaifinku. Ni aikina kenan, ina sashen kula da ma'aikata a wani kamfani a Kaduna, kuma abinda ka faɗa ɗin nan shine abinda yafi ci min rai game da yaranmu. Yaro zai shigo takardunsa masu kyau, ace ya bada labarin kansa sai ya sunkuyar da kai ya faɗi sunansa da garinsu da makarantar da ya gama yayi shiru, alhali duk wannan yana rubuce a gabanmu. Ni na san kunya ce da tarbiyya, amma wanda ke zaune kusa dani ƙila mutumin Inugu ne ko Ba'indiye, shi abinda zai rubuta shine yaron nan bai san aikin ba. Kuma maki ake bayarwa, kowa da takardarsa a hannu, in an gama a haɗa, ni kaɗai bazan iya ɗaga mutum ba ko ina so.

To amma ka cire wa ranka cewa yabon kanka ake so kayi. Babu wanda yake son jin ni haziƙi ne, ni mai gaskiya ne, ni ina da ƙwazo, duk wanda ya shigo haka yake faɗa, ko rubutawa bama yi. Labarin aiki muke so. Ga abinda ya taso, ga abinda nayi, ga yadda aka ƙare. Kamar dai kawunka ne ya dawo daga tafiya yace ya kasuwa bayan tafiyata, ai ba zaka tsaya kana ce masa kai mai amana bane, buɗe masa littafi zakayi kace wane ya biya, wane ya ɗau kaya kaza, katan kaza ya lalace na mayar. To haka ɗin zakayi musu, babu fitsara a ciki ko kaɗan.

Wallahi da nazo inda kace baka sa shagon Singa a CV ba sai da raina ya sosu. Ƙanena shine fa jarinka. Ka zauna kayi tunanin me kamfanin roba suke yi kullum, kaya na fita daga sito a mota, diloli na ɗauka wasu da kuɗi wasu bashi, kuɗi na shigowa ta tiransifa da sunayen da ba'a san ko na waye ba, ana neman wanda zai bi sawun duk wannan kar kwabo ya ɓata. Me ya raba shi da abinda kake yi tun kana sakandare in ba yawa ba? Wanda yayi shekara biyu a ofis yana buga wasiƙa bai kama ƙafarka ba a wannan gurbin. Yau ɗin nan ka gyara CV ɗin, ka sa sunan shagon da shekarun da kayi da ainihin abinda kake riƙewa, ka buga kwafi huɗu ko biyar ka tafi dasu, in ka zauna kace musu ga sabo na ƙara wani abu.

Ka nemo labarai uku ko huɗu na gaske ka riƙe su a ka. Misali farkon 2023 lokacin canjin kuɗi da tsabar kuɗi ta ɓace kowa ya koma tiransifa, na tabbata shagonku ya sha fama da alat ɗin da baya shigowa da na bogi, ya kukayi? In kai ne kake zama bayan an rufe kana haɗa abinda aka sayar da abinda ya shiga asusu, to ga amsarka nan in sukace bamu labarin wata matsala da ka warware. Sai wani labarin na ranar da lissafi yaƙi daidaita ka bi ka gano inda yake, da wani na kwastoman da ya musa bashi, da ɗaya daga koyarwarka. Tambayoyin zasu zo da fuska daban daban amma zaka ga ɗaya cikin labaran nan ya shiga. Ka dinga sa lamba a ciki, kwastoma kusan nawa ne a littafin, katan nawa ke fita a rana, ita ce take nuna da gaske kayi. Sannan in kai kayi abu kace ni nayi, yaranmu sun fiya cewa munyi munyi saboda kawaici, sai mu kasa gane wanne ne nasu a ciki.

Maganar ido kuma ba zuru akace kayi wa mutum ba. In ana maka tambaya ka ɗago ka kalli fuskar mai tambayar, in kana amsawa ka ɗan dinga waiwayar sauran, in idon ya maka nauyi kalli goshinsa, shi bazai gane ba. Da ka shiga ka gaishe su a tsaye da muryar da na ƙarshen tebur zai ji, kar ka durƙusa, ka jira ace ka zauna. Kar ka riga miƙa hannu, in namiji ya miƙo ka karɓa, in mace ce ka dafa ƙirji ka gaishe ta da sakin fuska, a Kano kake babu wanda zai ga laifinka.

Gaskiya_ɗaya

Ɗan uwa ni gaskiya zan faɗa maka ko ba daɗi. Yawancin intabiyun nan cika ƙa'ida ne kawai, an riga an san wanda za'a ɗauka tun kafin a buga talla. Ni akwai wata ma'aikata da muka je, tun asuba muke kan layi rana ta ƙare a kanmu, waɗanda suka zo daga baya a mota aka shiga dasu ta ƙofar gefe sune sunansu ya fito, har yau in na tuna abin yana min ciwo dan bashi naci nayi kuɗin mota. Ban ce kar ka shirya ba, ka shirya, amma tsakanin yau da Laraba in akwai wani babba da kuka sani wanda ya san wani a ciki, ko ta wajen kawunka tunda 'yan kasuwa sun san diloli, to ka nema ya maka magana. Ƙasar nan in baka da kowa sai dai Allah. Allah ya baka sa'a ya rufa asiri.

Baba_Sakkwato

Ɗana Gaskiya, ban ce ƙarya kake ba, Allah ya musanya maka da mafi alheri. Ni na yi aikin gwamnati har na aje, kuma na zauna kwamitin ɗaukar ma'aikata, mun ga takardun da anka aiko daga sama, akwai shi ƙwarai. Amma kar ka karya wa yaron ga gwiwa. Wurin gwamnati ne abin ya fi yawa. Mai masana'anta da kuɗinai ya kafa ta, ba shi miƙa lissafin dukiyatai ga wanda bai iya ba don an yi mai waya, in ko kunya ta sa ya ɗauki ɗan wani to sai ya biɗi wanda ya iya ya aje kusa da shi. Ko cikin gwamnatin ma, duk lis ɗin da munka fitar akwai waɗanda ba su da kowa, bakinsu da takardunsu sunka fisshe su.

Kai kuma ɗan Kurna, abin da Hajiya ta gaya maka ka riƙe shi. Ni zan ƙara maka da batun takardu don nan ne na ga yaran arewa da yawa sun faɗi tun ba a tambaye su komi ba. Daren yau ka baje su bisa tabarma, ta firamare, ta WAEC ko NECO, ta digiri, ta NYSC, takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, ta ƙaramar hukuma, da NIN, ka duba suna da ranar haihuwa ɗaya bayan ɗaya. Mu mutanen arewa muna da wagga matsala, firamare malam ya rubuta ma yaro sunan garinsu, sakandare ya koma sunan uba, wuri guda Muhammad wuri guda Mohammed, shekara ta bambanta tsakanin WAEC da NIN. In ka ga haka ka tai kotu tun Litinin ka yi takardar rantsuwa ka haɗa, in sun tambaya ka fiddo ta ba tare da ruɗewa ba. Orijinal cikin fayil guda, fotokwafi cikin wani, da hoton fasfo, a jere yadda in an ce miƙo kaza ba ka tsaya tone-tone ba.

Sannan daga Kurna zuwa Challawa ba nan kusa ba ne, sai ka ratsa gari ka kama titin Panshekara, kuma masana'antun wurin suna da yawa, get ɗinsu duk kama da juna. Ka tai ka gano ƙofar tun kafin ranar. Ran Laraba ka isa da saura rabin awa ko fiye, ka samu ka zauna zufa ta bushe. Ka gaida mai gadi da mutunci, ka gaida wadda ke risafshan, ni na sha tambayar masinja yaya yaran nan sunka yi a waje, kuma abin da ya gaya mani yana shiga lissafina.

Kar ka yi ƙarya ko ta kwabo. In an tambaye ka abin da ba ka sani ba ka ce wanga ban sani ba amma ga wanda na sani kusa da shi, kuma zan koya. Wurin da kuɗi za ka riƙe, wanda ya ce bai sani ba ya fi mana kwanciyar rai bisa wanda ya yi ta kame-kame, don ramin ƙarya ƙurarre ne, tambaya biyu za a ƙara maka ka kai bango. Kunyar da kake da ita ba aibi ba ce, kar ka yar da ita, manya suna son yaro mai ladabi ko wane ƙabila ne su, illa dai in an tambaye ka ka buɗe baki ka amsa a ji. Ka gaya ma mahaifiyarka ta sa maka albarka kafin ka fita, ka yi addu'arka ta fita gida, sauran na Allah ne.

Falmata_MDG

Slm ɗan uwa. Ni a Maiduguri nake aiki da wata ƙungiyar agaji, mu kusan duk shekara sai munyi intabiyu saboda aikin namu na kwantiragi ne, in kuɗin shiri ya ƙare sai a sake nema, to bari in maka magana akan turancin tunda shi ba'a taɓo ba.

Abinda yake faruwa dakai shine a zuci kake shiryawa, baki kuma bai saba ba. Labaran da Anti Maman Hanan tace ka nemo, kar ka haddace su kalma da kalma dan in ɗaya ta kuɓuce duk sauran zasu bita, ka rubuta kanun kawai a 'yar takarda sannan ka dinga faɗarsu da ƙarfi da turanci, ka kunna rikoda a wayarka ka saurari kanka. Farko bazaka so jin muryar ba amma anan zaka ji inda kake sauri da inda kake haɗiye ƙarshen magana. In ka ɗan saba ka samu wani wanda kake jin nauyinsa, ba abokinka ba, tsohon malaminka ko wani yayan unguwa mai aiki, ya zaunar dakai ya maka tambayoyi fuska a ɗaure, dan abinda kake tsoro zaman gaban babba ne to shi zaka gwada. Jimloli gajeru, turanci mai sauƙi, babu mai baka maki dan ka kawo babbar kalma, kuma harshenka na Bahaushe ba laifi bane in dai ana gane abinda kake faɗa, kowa a teburin da irin nasa harshen.

Masana'antun Kano da yawa zaka samu Indiyawa ko 'yan Labanan ko 'yan Chana a cikin manyan, in kunnenka bai saba da turancinsu ba kana iya rasa tambayar gaba ɗaya. Kar ka amsa abinda baka ji ba, ka roƙa a maimaita cikin ladabi, ko kai ka maimaita tambayar kace haka kuke nufi? Kuma in aka jefo tambaya ba dole ka cafke nan take ba, kayi numfashi ka ɗan yi shiru ka tsara, shirun yafi tsawo a wajenka akan a wajensu.

Tambayar farko kusan kullum itace ka faɗa mana kai waye, wannan ka shirya ta sosai dan in ta fita lafiya jikinka zai saki. Minti ɗaya zuwa biyu ya isa, abinda ka karanta, aikin da ka riƙe a Singa, bautar ƙasa, sai dalilin da yasa kake son wannan gurbin. Zasu iya tambayarka me ka sani game da kamfanin, to ka bincika me suke ƙerawa, bokitai ne da kujeru ko leda ko silifa, a kasuwa ma zaka samu masu sarin kayansu su baka labari fiye da intanet. In sukace faɗi rauninka ka faɗi na gaske wanda kake gyarawa, kai naka ma a fili yake, kace magana gaban jama'a tana maka nauyi amma shekarar da kayi kana koyarwa ta rage maka kuma kana ci gaba. A ƙarshe zasu ce kana da tambaya, kar kace babu, ka tambayi wace manhaja suke lissafi da ita ko wa zaka dinga kai wa rahoto.

Naka dai da alama na gaske ne tunda kunyi jarabawa kuma a harabarsu za'ayi, amma saboda masu karantawa, duk inda akace ka turo kuɗin fom ko na gwajin asibiti ko na horo kafin a ganka to damfara ce, haka wanda ya kira ka intabiyun aikin da baka nema ba. Ana iya duba sunan kamfani a shafin CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista, a ga ko yana da rajista. Mata kuma dan Allah in akace otal ko wani gida kar kuje ku kaɗai.

ɗan_kurna

Kai jama'a na gode, wallahi ban san da bakin da zan gode muku ba. Anti Maman Hanan kamar kina wajen, lokacin canjin kuɗin nan ni ne na buɗe manhajar lissafi ta Excel a tsohuwar laftof ɗina nake shigar da duk tiransifa da sunan wanda ya turo da lambar rasit, muka daina sakin kaya sai mun gani a manhajar banki da idonmu, a haka muka kama alat ɗin bogi har na wani da ya riga ya loda katan ɗin taliya a a-daidaita-sahu. Ban taɓa zaton abin faɗa bane a intabiyu. Baba Allah ya ƙara girma, na duba takardun kuma kun faɗi gaskiya, WAEC ɗina Abubakar ne a ƙarshe NIN kuma an ƙara Kurna, gobe in sha Allah zan je kotu. Malam Gaskiya na gode Allah ya buɗa mana baki ɗaya. Anti Falmata zan fara rikodin ɗin yau.

Saura abu biyu, in suka tambaye ni nawa nake so a biyani me zance? Ina tsoron in faɗi da yawa su barni, in faɗi kaɗan in cuci kaina. Sai kaya, kwat ne dole ko zan iya sa kaftani, dan bani da kwat sai dai in ara.

Akanta_Bompai

Malam ɗan Kurna barka, ni akanta ne a wata masana'anta a Bompai, irin kujerar da kake nema daga ita na fara. Kaya tukuna dan shi ne mai sauƙi, kar ka ari kwat ɗin da ba girmanka ba ka shiga kana takure ga zafi. Kaftani mara hayaniya a goge da hula ya wadatar, ko shat mai dogon hannu da baƙin wando, takalmi rufaffe a goge, turare kaɗan, waya a kashe tun daga get.

Yanzu ga abinda za'a tambayeka in shugaban akanta yana teburin, kuma zai kasance. Kusan ba makawa sai ya kawo daidaita kashbuk, wato littafin shige da ficen kuɗi, da sitetmen ɗin banki. Zai ce littafinmu ya nuna 5,000,000 banki ya nuna 4,800,000 me zai kawo haka? Ka lissafo masa a nutse, cajin banki da bamu shigar ba, cek da muka kai bai riga ya shiga ba, cek ɗin kwastoma da ya dawo, tiransifa da aka rubuta alhali bata iso ba, ko kuskuren rubutu. In ya juya yace banki ne yafi yawa, to cek ɗin da muka bayar ba'a kai ba tukuna, ko dila ya tura kuɗi kai tsaye bai faɗa ba. Daga nan sai ka ɗora masa labarin Excel ɗinka na lokacin canjin kuɗi, wallahi ni a teburin in naji wannan na gama yanke shawara, dan abinda yake cinye mana lokaci kenan duk ƙarshen wata. Ka sake bin debit da kiredit na abubuwan yau da kullum, an sayar da kaya bashi, an sayi ɗanyen kaya, an biya dizal, da ragin darajar injina, da FIFO a sito, wato kayan da suka fara shiga su fara fita, da yadda ake ƙirgar kaya a gwada da katin da ake rubuta shige da ficensu. VAT, wato harajin da ake ɗorawa akan kayan da aka sayar, kashi 7.5 ne tun 2020, ana kai rahotonsa zuwa 21 ga watan da ya biyo, harajin albashin ma'aikata kuma hukumar haraji ta jiha ake kai wa. Ka ɗan karanta sabbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a watan Yuni 2025 ko sama sama ne, in suka ji ka san da zamansu zai ƙara maka.

Albashi kuwa kar kai ka fara tada maganar, ka bari su kawo. Kafin ranar ka nemi wani mai aiki a Challawa ko Sharada ka ji nawa ake biyan irin gurbin, wannan yafi duk wani hasashe da zamu maka anan. Sannan kayi naka lissafin, kuɗin mota daga Kurna zuwa da dawowa sau kwanakin aiki, da abincin rana, ka ga me zai rage. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa 70,000 ne tun 2024, ɗan bautar ƙasa ma 77,000 yake karɓa, kaga mai digiri da zai riƙe lissafi bai kamata ya faɗi abinda ke kusa da nan ba. In sun tambaya ka fara da cewa ka san suna da tsarinsu na wannan matakin kana so kaji, in sun matsa ka basu tsakanin kaza da kaza, na ƙasan ya zama wanda in sun baka zaka karɓa da zuciya ɗaya. Kar kace duk abinda kuka bani, da yawa suna faɗa dan ladabi kuma mafi ƙanƙanta ake rubuta musu.

Duk adadin da suka faɗa ka tambaya kafin cire-cire ne ko wanda zai shigo asusu, dan akwai haraji, akwai fansho kashi 8 daga naka su kuma su ƙara kashi 10 bisa dokar 2014. Ka ji ko su ne zasu ɗauke ka kai tsaye ko ta hannun ɗan kwangila, wata nawa ne gwaji, ana aiki Asabar, akwai motar ma'aikata. Waɗannan in magana tayi nisa zaka tambaya, ba da zamanka ba. In Allah yasa an dace zasu nemi garanto tunda harkar kuɗi ce, ka fara tunanin mutum biyu, ka karɓi takardar ɗauka a rubuce ka karanta kafin ka sa hannu, kuma orijinal ɗin satifiket ɗinka a gani a dawo maka dashi, kar ka bar wa kowa ajiya.

Wasu wuraren suna ajiye maka laftof suce ga jerin diloli ga abinda suka biya fitar mana da bashin kowa, to ka motsa hannunka akan dabarun Excel irin su SUMIF da VLOOKUP da Pivot Table. Ina da wani fayil da nake gwada sabbin yara dashi, na canza sunaye da lambobin ciki, ka min magana ta inbok in tura maka yau ka gwada, inda ka maƙale sai mu duba tare da daddare.